Gurgun Kare Ma Mai Gadi Ne

'Yan'uwa manoma, duk mai bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ko mai shiga ƙauyukan Kabo, ya saba ganin karen da mota ta buge yana jan ƙafa a bakin titi. Wani kuma tarko ne ya kama shi a daji. Abin da yakan biyo baya mun san shi: maigidansa ya kore shi, yara su bi shi da jifa, ya ƙare a juji. Mu a ganinmu wannan asara ce, kuma haɗari ne ga gari.

Asara ce domin aikin karen gida yana ga kunnensa da hancinsa da haushinsa. Gurgun kare ba zai ƙara bin zomo tare da mafarauta ba, amma zai ta da maigida in ɓarawo ya doshi rumbu ko turken awaki. Kare yana ɗora yawancin nauyinsa a kan ƙafafun gaba, shi ya sa wanda ya rasa ta baya ɗaya yakan saba da tafiya da uku cikin 'yan makonni.

Haɗarin kuwa shi ne ciwon haukan kare. Karen da ba shi da maigida ba mai kai shi allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Korar kare ba ta raba mu da shi, sai dai ta mai da shi inda yaranmu suke wasa.

Amma a yi hattara, gama ba kowane gurguntaka ne rauni ba. Haukan kare ma yakan shanye ƙafafun baya. In ba ku ga ciwo ko karaya ba, ga yawu yana dalala, baki a sake, kare ya kasa haɗiya, kada kowa ya taɓa shi. A janye yara, a kira malamin dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan.

In rauni ne a fili, babba ya kama shi, ba yaro ba. A fara ɗaure bakinsa da tsumma, domin kare mai jin zafi yakan ciji ko da maigidansa ne. A ɗauke shi a kan buhu, a wanke ciwon da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, a kai shi asibitin dabbobi a duba ko ƙashin zai ɗoru. Kada a ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane, tana iya kashe shi. A keɓe shi a inuwa a kan busasshiyar ciyawa, ana juya shi in ba ya iya tashi, don kada gyambo ya fito masa. Sauran tuwo da ɗan kifi da ruwa mai tsabta sun ishe shi. Karaya takan ɗauki wata 2 zuwa 3.

Wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba, balle kare. Gaskiya ne abinci ya yi tsada. Amma a gwada kuɗin ɗawainiyarsa da kuɗin akuya ɗaya da aka sace. A Amurka da Ingila har keke suke ƙera wa irin waɗannan karnuka. Mu nan ba sai mun kai ga haka ba, tsakar gida mai shinge ta wadatar.

In wanda ya tsince shi ba zai iya riƙe shi ba, a nema masa gida, amma ba kowane gida ba. A ba mai lambu, ko gwauruwa mai 'yan tumaki, ko tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani. A faɗi gaskiyar lahaninsa a gaban mai unguwa. A yi masa allurar haukan kare kafin ya tafi, a riƙa maimaita ta kowace shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana haɗa ta. Sabon maigidan ya tsare shi a cikin gida, gama maƙwabta da yawa ba sa son kare ya kusanci tukwanensu ko wurin sallarsu, kuma hakkinsu ne. Bayan wata guda a koma a ga yadda yake.

Shugabannin ƙungiyoyin manoma na Getso, Kutama da Garo, ku ta da maganar nan a taronku na gaba. Ku san gidajen da suke bukatar mai gadi tun kafin a kai amfanin gona rumbu.