Majinyacin da ke komowa

A ɗakin gaggawa na babbar likitar Yamai, haka ma a Damagaram da Maraɗi, akwai majinyatan da ma'aikatan lahiya suka sani kamar ƴan gidansu. Saurayi ne aka ɗauko da dare yana jijjiga, ya sha tramol ya wuce kima. An yi mishi allura, ya farfaɗo, an sallame shi da sahe. Kahin wata ya mutu, ga shi kuma bisa gadon nan.

Bakin ma'aikata bai zo ɗaya ba game da shi. Wasu na cewa shi ya jawo wa kanshi, kuma gadon da ya tare na wanda mota ta kaɗe ne, ko na yaro mai masassara. Wanda ya kwana tsaye yana jinya, ba a ganin laihinshi in ya ƙosa.

Amma gaskiya ta hi rinjaya wajen waɗanda ke cewa ɗakin gaggawa jijjiga kawai yake tsaidawa. Ƙwayar da lokotoro ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100. Wadda ake saida wa ɗan kabu-kabu da manomi bisa tebur tana kai 225. Jikin da ya saba da ita, ran da ya rasa ta sai ciwon gaɓoɓi, da zuhwa, da rashin barci, har mai shi ya koma wajen mai tebur. Ƙasar Indiya, inda galibinta ke hitowa, ta tsananta doka kanta a 2018, amma doka ba ta yaye wanda ya riga ya kamu.

Mai taɓin hankali ma hanyarshi ke nan: magani ya ƙare, kuɗi babu, dangi sun gwada rubutu da turare, sai ran da ya tashi da faɗa a ɗaure shi a kawo.

Sashen masu taɓin hankali da ake kira Pavillon E yana Yamai. Mutumin Tasawa ko na Madawa ba shi iya wannan tahiya kowane wata. Tun 2008 Hukumar Lahiya ta Duniya ta hito da tsarin mhGAP, domin malamin jinya na ƙaramar likita ya koyi gane waɗannan cututtuka, ya kuma bi majinyaci kusa da gida. Ya kamata duk wanda aka sallama daga ɗakin gaggawa ya hita da takarda zuwa likitar unguwarsu, da ranar komowa a rubuce, kuma a sanar da wani ɗan'uwanshi wannan rana.