Aiki Ɗaya, Manhaja Ɗaya

Akwai wata gardama da kan tashi duk inda injiniyoyi suka haɗu a kan aiki guda, watau shin ya kamata shugabanni su tilasta musu yin zane da manhajar kwamfuta iri ɗaya, ko kuwa a ƙyale kowa da wadda hannunsa ya saba da ita? Ni dai ina bayan tilastawa, kuma ga hujjata.

Sa'ad da kamfanin Airbus yake ƙera katafaren jirgin saman nan A380, an raba aikin tsakanin ƙasashen Turai. Dukansu da manhajar CATIA suke zane, amma injiniyoyin Jamus suna kan siga ta 4, na Faransa kuwa sun koma siga ta 5, alhali zanen da aka yi da ɗayar ba ya shiga ɗayar sumul. Jirgin nan yana ɗauke da wayoyin lantarki masu tsawon kilomita 500 da ɗoriya. Da aka kai sassan da aka yi a Hambug zuwa Tulus domin harhaɗawa, sai aka tarar wayoyi da yawa sun gaza tsawo. Lalle akwai wasu dalilai, amma wannan saɓani yana cikin manyansu. Shugabannin kamfanin biyu sun sauka a 2006, ba a kuma miƙa jirgin farko ga Singapore Airlines ba sai Oktoban 2007, bayan jinkiri mai tsawo da asarar biliyoyin yuro.

To, a lura: injiniyoyin nan ba gwaninta suka rasa ba. Kowane ɓangare ya yi zanensa daidai, amma ba a sami mai iko da ya tsaya ya ce dole a bi hanya ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Masu ƙin tilastawa suna cewa sauyin manhaja yana cin kuɗi da lokaci, yana mai da tsohon gwani ɗan koyo, yana kuma ɗaure ma'aikata ga kamfani guda wanda zai iya tsauwala farashi. Wannan duk gaskiya ne, shi ya sa takardar umarni kaɗai ba ta isa ba. Wajibi ne wanda ya ba da umarnin ya biya kuɗin horo, ya ba mutane lokacin koyo, ya fayyace sigar da za a bi, ya kuma sa a adana zane cikin tsarin da wasu manhajoji ke iya karantawa, kamar STEP.

Gobe waɗansunmu ne za su zauna a kwamitocin ma'aikatun ayyuka, suna karɓar zanen gada da asibiti daga hannun 'yan kwangila dabam-dabam. Ranar da aka kawo maganar nan, kada kunyar manya ta hana mu tambaya: da wace manhaja, kuma wace siga? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.