Harshen mushe bai mutu ba

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin tarihin harsuna ya san ba'ar da ake yi wa Latinanci: wai harshe ne da aka binne tun tuni, sai dai malamai sun ƙi tashi daga makabarta. Bahaushen Nijar yana da gishirin da zai ƙara wa wannan ba'a, domin a bakinsa "mushe" na nufin dabbar da ta mutu ba yanka, yana kuma nufin malamin lakwal. Karin sauti ne ke raba su. Ke nan "harshen mushe" ya dace da Latinanci ta fuska biyu. Abin dariyar shi ne, mushen lakwal ya fito daga monsieur na Faransanci, wanda gindinsa senior ne na Latinanci, wato babba a shekaru. Kalmar da muke yi wa mamacin tsiya da ita jikarsa ce.

Mai shakka ya kasa kunne a kasuwar Magaria ko ta Dungass. Farfen da ke riƙe da kowanne daga cikin sassan biyu, tun da aka cire Dungass daga Magaria a 2011, ya gaji sunan muƙaminsa daga praefectus na Rumawa. Likita daga doctor take, asalinta mai koyarwa. Lakwal ta biyo ta école da schola har zuwa wata kalmar Girkanci mai ma'anar hutu, labarin da ba zai yi wa ɗan firamare daɗin ji ba. Takarda ta riga Turawa isowa: ta ƙetaro Sahara a bakin Abzinawa daga charta, kamar yadda alƙalami ya zo ta Larabci daga kalamos na Girkawa. A bakin iyaka kuwa lamarin ya juye. Kwastan, da ake faɗa a ɓangaren Nijeriya, tushenta Latinanci ne, amma duwan ɗin da muka karɓa daga Faransawa su ma aro suka yi daga diwani na Larabawa. Hatta watanninmu na Rumawa ne: Yuli da Agusta sunayen sarakunansu biyu, Satumba kuma na nufin na bakwai alhali shi ne na tara.

Latinancin da ya rayu ba na masu nahawu ba ne, na sojoji ne da ƴan kasuwa da masu girki. Masana na ce wa kai caput, talakawa kuma cikin raha suka riƙa kiransa testa, wato kasko, daidai da yadda muke cewa ƙoƙon kai. Daga wannan raha tête ta Faransanci ta fito. Dokin littafi equus ne, amma cheval daga caballus yake, dokin wahala na ɗaukar kaya. Akwai wani jeri da ake kira Appendix Probi, inda wani malami ya tara gyare-gyare 227 na kalmomin da yake ganin jama'a na ɓatawa. Ya hana a ce wa kunne oricla, sai ga shi oricla ce ta haifi oreille. Malamin ya zaci kurakurai yake rubutawa, ashe haihuwar sababbin harsuna yake yi wa rajista.

Su kansu mahukunta sun daɗe kafin su sallama. A shekarar 813 taron malaman coci a birnin Tur ya umarci a riƙa wa'azi da harshen da talakawa ke ji, domin Latinancin littafi ya yi musu nisa. Sai a 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya wajabta rubuta takardun shari'a da Faransanci. Harshen da ya sha wannan raini shi ne daga baya ya zo ƙasarmu yana rataya wa yaro sambol a wuya don ya yi Hausa a harabar lakwal. Yau manomin Dogo-Dogo ko na Sassumburum da aka miƙa wa takardar kotu cikin Faransanci yana tsaye ne inda manomin Faransa ya tsaya gaban takardar Latinanci.

An fara gyara wannan tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A ganina, a nan darasin Rumawa ya fi shafar mu masu nazarin harshe. Harshen da ya samu sarauta nan da nan yake samun dogarai. Za a samu masu son su kori lakwal da duwan da takwarorinsu da sunan tsarkake Hausa, da masu ɗaukar duk abin da ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, a matsayin kuskure. In muka bi su, mun cire sambol ɗin Faransanci mun rataya na Hausa, kuma ɗan Magaria ne zai sake ɗaukarsa, tare da ɗan'uwansa Bafillace da Babarbare da ke zaune a yankin.

Masu kare ƙa'ida suna da hujja. Littafin makaranta da takardar kotu suna bukatar rubutu ɗaya da kowa zai karanta daga Dogonduci zuwa Gure, kuma ba da daidaitawa ba Hausa ba za ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata ba. Amma ƙa'idar rubutu yarjejeniya ce ta alƙalami, ba ta da hurumin hukunta baki. Latinancin littafi ya daskare ne ranar da masu shi suka daina sauraron kasuwa.

Girkawa sun bar mana littafin barkwanci mai suna Philogelos, mai ɗauke da labarai kimanin 265, kuma wanda aka fi yi wa dariya a cikinsa shi ne mai ilimin littafi da ba ya gane abin da ke gaban hancinsa. Jama'armu ma suna da irin wannan raha a kan ɗan boko, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Shawarata ga ƴan'uwana ɗalibai ita ce mu ɗauki na'urar naɗar murya mu nufi Wacha da Bande da Malawa, mu tattara kalmomin aro da wasannin kalmomi da abin da ake kira ɓatacciyar Hausa, mu rubuta wurin da aka ji su da shekarar. Malamanmu kuma su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin digiri cikakke. Mai Appendix Probi ya adana mana harshen talakawansa ne bisa kuskure, cikin fushi. Mu muna da damar yin haka da gangan, kuma da kayan aikin da bai taɓa samu ba.