Ƙofar anformatik tun daga birbe take rufewa



Duk shekara in sakamakon bak ya fito, kuka ɗaya masu saurare ke kawowa: yaro ya samu bak, ya ajiye dosiye yana son karatun anformatik, an maido mishi. Wai ba serinshi ba ne, ko makinshi na lissafi bai kai ba. Sai a ce zalunci ne, a sassauta, ai yaron ya fi malamanshi iya waya. Ni dai ban yarda ba, ko da za a ji haushina.

Iya latsa waya daban, ilimin kwamfuta daban. Wanda ya shiga anformatik a jami'a, aljabara ke jiranshi tun shekarar farko, da algoritim, wato tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya yadda na'ura za ta bi. Word da Excel da ake koyarwa wata uku a shagon bakin kasuwa, birotik ne. Sana'a ce mai kyau, amma don Allah a daina sayar wa iyaye ita da sunan anformatik. Yaron da ya tsallake bak da 10 bisa 20 a zagaye na biyu, lissafinshi 6, in aka tura shi don a faranta ran ubanshi, shekara guda zai yi a Yamai ko Doso yana cin kuɗin albasar Galmi, ya dawo hannu rabbana.

Masu cewa sai su tsallaka iyaka su kai shi Sakkwato, can ma ba banza ake shiga ba. Kiredit biyar suke nema a WAEC ko NECO, har da Ingilishi da lissafi, ga jarrabawar JAMB a gaba.

Amma akwai zalunci, wallahi akwai. Wurin da ake nuna mishi yatsa ne ba daidai ba. Bayan birbe ake raba ɗiyanmu, wannan sagwan A, wancan sagwan C. Hanyar A falsafa ce da harsuna. Hanyar C ita ke kaiwa bak C da D, waɗanda ake fara dubawa a fannin kimiyya. To yaro ɗan shekara 15 ko 16, wa ya zaunar da shi ya ce mishi wannan harafi guda zai bi shi har jami'a? Wa ya yi wa ubanshi bayani da Hausa? Uban yana gona, murna kawai yake ɗanshi ya shiga lise. Sai bayan shekara uku a ce mishi ai ƙofar ta daɗe da rufewa.

Kuma da me yaron ƙauye zai kai makin shiga C? Mun san halin CEG ɗinmu. Mushen lissafi ɗan kwantiragi ne, albashi ya makara, yajin aiki ya cinye watanni, wani wurin ma malamin wani fanni ne aka roƙa ya riƙe ajin. A haka ake auna shi da ɗan birni mai malamin gida, da ma'auni ɗaya.

An kafa jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram a 2010, aka ƙara huɗu a 2014, ciki har da ta Doso da aka ba fannin fasahar sadarwa. Madalla. Sai dai gini aka matso da shi kusa, hanyar shiga tana nan yadda take.

Kar a rage maki ko ɗaya. A liƙa sharuɗɗan kowane fanni a ajin birbe tun watan Oktoba, a kawo mu karanta su da Hausa a rediyo. Ɗan seri A mai ƙwazo kuma a buɗa mishi shekarar share fage ta lissafi, in ya ci ya wuce.

Ku iyayen da ke da ɗa ko ɗiya a ajin birbe bana, kar ku jira Yuli. A taron COGES mai zuwa ku tambayi daraktan abu biyu: wa ke koyar da lissafi a ajin, kuma awa nawa ya yi tun da aka koma lakol?