Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Fastoci da Dattawan Ikilisiyoyin Karkarar Kano

Iyayena cikin Ubangiji,

Kuna yi mana wa'azi a kan sata da zina, kuma ya kamata. Amma fushi da hassada fa? A nan Minjibir gona na manne da gona. Mutum ya ga dawar maƙwabcinsa ta fi tasa kyau, ko a yi saɓani kan iyaka, sai ya ƙulla gaba shekara da shekaru, ran Lahadi kuma ya karɓi Jibin Ubangiji da bakin da ya hana ɗan'uwansa gaisuwa. Kayinu ma manomi ne, kuma hassada ta ci zuciyarsa tun kafin ya ɗaga hannu.

Wadda ta fi nauyi ita ce ƙiyayyar da rikici ya bari. Iyalai da yawa ba su manta da tarzomar Kano ta 1991 da ta 2004 ba. Zafin na gaskiya ne, kada a raina shi. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannu a wani rikici a 1992. Ko bayan ya fara aikin sulhu da Imam Muhammad Ashafa a 1995, shi da kansa ya faɗa cewa ya daɗe yana fama da ƙudurin ramuwa kafin ya iya yafewa.

Don Allah ku zauna da masu gaba gida-gida, ku saurare su, ku yi addu'a tare da su kafin 'ya'yanmu su gaji wannan ɗacin.

Ɗanku cikin Almasihu,
daga Minjibir