Kafin Ka Taya Gida a Kano

Duk wanda ya nemi gidan saye a Rijiyar Zaki, Janbulo ko Tudun Yola a 'yan shekarun nan ya san yadda kasuwar ta koma. Da safe dillali zai nuna maka gida, kafin la'asar mutum uku sun taya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabi, gina sabon gida ya gagari ma'aikaci, masu kuɗi kuma suka koma adana dukiyarsu a ƙasa da gini. Masu nema sun yi yawa, gidajen kirki sun yi kaɗan.

A ganina, mai saye yana cutar kansa idan ya ɗauka cewa tayi mafi tsoka ne kaɗai ake sallama wa. Sau da yawa mai gida yana sayarwa ne don wata larura: rabon gado, bashi, ko jinya. Irin wannan mutum ya fi son wanda zai biya cikin mako guda a gaban shaidu a kan wanda ya ɗora miliyan ɗaya sama amma yana jiran rance. Saboda haka ka haɗa kuɗinka wuri guda kafin ka buɗe baki, ka faɗi ranar biya, ka kuma daidaita la'ada da dillali tun farko. Idan iyalin gidan na bukatar wata biyu kafin su tashi, ka ba su. Wannan sassauci kan rinjayi ƙarin kuɗi.

Sai dai gaggawa ba ta ɗauke bincike. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna kafin mai takardar mallaka ta jiha ya sauya ta zuwa hannun wani. Ka je hukumar KANGIS ka duba ko sunan da ke takardar shi ne na mai sayarwa, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Idan gidan gado ne, ka ga dukkan magada ido da ido, domin a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a: zai iya mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason da ka saya.

Akwai kuma iyakar da addini ya gindaya. An hana tayi a kan tayin ɗan'uwa bayan mai kaya ya karkata gare shi, an kuma hana tayin ƙarya da ake yi don a zuga mai saye. Idan dillali ya ce wani ya fi ka, ka nemi jin haka daga bakin mai gida. Game da kafin alƙalami, Imamu Malik bai yarda da sharaɗin cinye shi idan ciniki ya warware ba, don haka a rubuta cewa za a mayar.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ka yanke wa kanka iyakar farashi kana gida cikin natsuwa, ka bar kuɗin makaranta da na cefane a gefe. Idan tayi ya haura wannan iyaka, ka yi wa mai gida fatan alheri ka nemi wani.