A Ɗaure Kuɗin Maganin Yara Da Doka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan kuɗin da gwamnati ke warewa don maganin ƙananan yara. Ni dai ba wani ɗan boko ba ne, a firamare na tsaya. Gero da wake da riɗi da zoɓo nake nomawa, in rani ya yi kuma in kasa 'yar tireda a kasuwar Maigatari. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daminar da ta wuce, cikin watan Agusta ana tsakiyar marka, ɗana ɗan shekara uku ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen taki da 'yan ƙodago. Muka je kyamis muka sayi rabin magani, don iya nan kuɗinmu ya kai. Kwana uku yaro ya fara suma. Da muka kai shi asibiti aka ce jininsa ya ƙone, sai an yi masa ƙari. Ranar Alhamis na ja akuyar uwarsa zuwa kara. Dillalai na kallon idona suka gane a matse nake, suka saye ta a wulaƙance. Alhamdu lillahi yaro ya tashi. Amma Malam Edita, gida nawa ne ba su da ko akuyar da za su ja? Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Jigawa, wajen yaro ɗaya cikin biyar ba ya kaiwa shekara biyar a duniya. Mu ba sai an karanta mana ba, mu ke zuwa jana'izar.

Tsakani da Allah, ba za a ce hukuma ba ta yi komai ba. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci da maganin talaka. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, aka tanadi asusu na marasa galihu, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu. A nan jiha, tun zamanin Gwamna Sule Lamido ake da shirin magani kyauta ga mata masu ciki da ƙananan yara. Zamanin Gwamna Badaru Abubakar aka kafa hukumar taimakekeniya ta lafiya, wato JICHMA. A 2024 kuma Gwamna Umar Namadi ya ƙaddamar da shirin ɗaukar mutum 500 daga kowace mazaɓa cikin mazaɓu 287, jimilla mutum 143,500, gwamnati ta biya musu. Yaba kyauta tukuici, mun gode.

Ga 'yan uwana da ba su gane wannan inshora ba, kamar adashi take. Ana zuba wa kowane mutum kuɗin shekara a asusu ɗaya. Daga nan hukuma ke tura wa asibitin da aka rubuta sunanka, asibiti ya sayi magani ya ajiye, ranar da ciwo ya zo ka nuna kati a duba ka. Wanda ba shi da hali, gwamnati ce ke yi masa zubi. To kowa ya san ranar da aka daina zubi, ranar adashi ya mutu. Kati ya zama takarda kawai, ma'aikaci ya rubuta maka magani ya nuna maka hanyar kyamis.

A nan tsorona yake. Dokar 2014 ɗin nan, sai a kasafin kuɗin 2018 aka fara sa kuɗinta. Shekara huɗu doka na kwance a takarda, yara kuwa ba su daina ciwo ba. Shi ma shirin jiha, zubin na shekara-shekara ne. In wani kasafi ya zo babu shi, ko wani gwamna ya zo da nasa tunanin, shi ke nan. Sannan mutum 500 a mazaɓa, a ciki akwai tsofaffi da naƙasassu da masu ciki. Duk wanda ya taɓa ganin layin rigakafi ya san yaran mazaɓa ɗaya sun ninka wannan adadi.

Mu da ke bakin iyaka mun ga darasi a wajen 'yan uwanmu na Nijar. A 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Mata suka yi ta tururuwa zuwa asibiti, mutuwar yara ta ragu. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi magani tukuna, gwamnati ta biya shi daga baya. Biya ya yi ta jinkiri har bashi ya kai biliyoyin sefa, kantocin magani suka bushe. Tambayi mutanen Dungas da Magarya da ke zuwa cin kasuwarmu ka sha labari. Ko a Amurka mai arziki, shirin inshorar yaran marasa ƙarfi da suka kafa a 1997, wa'adin kuɗinsa ya ƙare a ƙarshen Satumba 2017, 'yan majalisa suka yi ta ja-in-ja wajen wata huɗu iyaye na cikin zullumi. Da suka daidaita a Janairu 2018, ba na shekara ɗaya suka sabunta ba, na shekara shida suka ɗaure. Ita dai Amurkar ce kuma ta datse yawancin tallafin da take ba ƙasashenmu a 2025, wanda ya nuna mana cewa kayan aro ba ya rufe katara.

In an ce babu kuɗi, sai mu ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, mu kuwa kuɗin mota da na magani ne suka ƙaru a kanmu. A mayar mana da wani abu ta hanyar 'ya'yanmu. Ana ta maganar raya yankin ciniki na kan iyaka a Maigatari, to ai yaran nan su ne ma'aikatansa na gobe.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a majalisar dokoki ta Dutse da su tsaya a kan abu huɗu. Na farko, a yi doka da za ta sa duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar cikin inshora kai tsaye, a yanka mata kaso tsayayye na shekaru masu yawa, yadda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba. Na biyu, kuɗin ya isa asibitin mazaɓa tun watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, domin a damina ciwo ke yawa kuma a damina aljihu ke bushewa. Na uku, a liƙa takarda a ƙofar kowane asibiti da boko da ajami, a rubuta nawa aka turo da irin magungunan da ba a biya. Na huɗu, rajista ta bi ta hannun masu unguwa da dagatai, ba ta hannun 'yan jam'iyya ba, kuma kada a kori yaro don ba shi da takardar haihuwa.

Mu ma iyaye da namu. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, a ɗaura gidan sauro a ɗaki ba a lambu ba, kuma a daina jira sai yaro ya galabaita kafin a nufi asibiti.

Allah ya sa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya raya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Maigatari, Jihar Jigawa.